Kyamarori Sun Nutse, Hotuna Sun Tsira: Lamarin Frank Hurley a Jirgin Endurance

Frank Hurley, ɗan ƙasar Ostireliya, ya shiga jirgin ruwan Endurance a birnin Buenos Aires a watan Oktoba na 1914 da kayan ɗaukar hoto akwati-akwati: manyan kyamarori masu cin farantin gilashi, kyamarar fim mai motsi, ƙafafun kyamara, kwalaben sinadarin wanki, da gilasai ɗaruruwa. Bayan kusan shekara biyu, da ya sake taka garin mutane, abin da ya rage masa na kayan aiki wata 'yar Kodak ce mai shiga aljihu. Sauran duk ƙanƙara ta ci. Amma hotunan da ya ɗauka da waɗannan kayan da suka salwanta, su ake bugawa har gobe duk inda aka ambaci sunan Ernest Shackleton, shugaban ayarin da jirgin ya ɗauka zuwa Antaktika.

Hirar masu hoto idan tafiya ta taso, yawanci a kan abin da za a ɗauka da shi take ƙarewa: wace kyamara, wane ido, batir nawa. Lamarin Hurley yana juyo da mutum ta ɗaya gefen, ya tambayi kansa abin da zai dawo da shi in tafiyar ta ɓaci, da tanadin da ya yi wa hakan tun ana zaune lafiya. A ganina a nan gwanintarsa ta fi fitowa, a nan kuma aka ga iyakarta.

Mutumin da aikin da aka ɗauke shi

An haifi Hurley a Sydney a 1885. Yana ɗan shekara 13 ya gudu daga gida ya kama aiki a wata masana'antar ƙarfe a garin Lithgow, hannunsa ya saba da guduma da wuta. Daga baya ya koma Sydney ya shiga sana'ar buga katunan hoto da ake aikawa ta gidan waya, sana'ar da ke koya wa mutum gane hoton da zai sa mai wucewa ya tsaya ya zaro kuɗi. Makarantun nan biyu, ta maƙera da ta kasuwa, duk sun yi aiki a abin da ya faru a kan ƙanƙara. A 1911 ya bi ayarin Douglas Mawson zuwa Antaktika, ya yi aiki a Cape Denison, inda iska ke kayar da ƙato. Don haka ba baƙon sanyi Shackleton ya ɗauka ba.

Niyyar Shackleton ita ce ya ratsa nahiyar Antaktika a ƙasa, daga Tekun Weddell zuwa Tekun Ross, abin da ba wanda ya taɓa yi. Kuɗin tafiyar karo-karo ne. Gwamnatin Birtaniya ta ba da fam 10,000, attajirin Dundee Sir James Caird ya ba da fam 24,000, Dudley Docker da Janet Stancomb-Wills suka ƙara nasu, shi ya sa aka raɗa wa ƙananan jiragen ceto uku sunayensu. Duk da haka bai isa ba, sai Shackleton ya jinginar da abin da bai riga ya zo hannu ba, wato haƙƙin labarin tafiyar da na hotuna da na fim. Tun jirgi bai tashi ba an ci kuɗin hotunan Hurley.

Ranar 5 ga Disamba, 1914, jirgin ya bar tsibirin South Georgia da mutum 28. Zuwa 19 ga Janairu, 1915, ƙanƙarar Tekun Weddell ta riƙe shi gam, saura ƙiris a kai inda aka nufa. Bai sake fita ba.

Nauyin hoto ɗaya

Wanda ya tashi da kyamarar waya zai yi wuya ya gane nauyin hoto ɗaya a wancan zamani. Babbar kyamarar Hurley farantin gilashi take ci, wanda aka shafe fuskarsa ɗaya da sinadari mai jin haske. Babban farantin ya kai kimanin santimita 16 da rabi a faɗi, 21 da rabi a tsawo. A cikin duhu ake saka shi a wani siririn gida na katako, a zura a bayan kyamara, a zare murfi, a ɗauki hoto ɗaya, an gama da shi ke nan. Mai son hoto goma sai ya goya gilashi goma. Ladan wahalar shi ne kaifin hoto: igiyoyin jirgi ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, har da ƙwayoyin ƙanƙarar da suka daskare a jikinsu.

Yana da Graflex, wadda ake riƙewa a ƙirji a leƙa ta sama, madubi a ciki yana nuna wa mai ɗauka abin da idon kyamara ke gani har lokacin da zai danna. Da irinta ake kama karnuka a guje ko mutane suna tsakiyar aiki. Yana da ta kan ƙafa uku, mai jikin fata mai naɗewa, don shimfiɗar ƙasa da hoton jirgi. Fim mai motsi kuwa da Prestwich yake ɗauka, akwatin katako mai cin fim na milimita 35, ba batir ba inji. Da hannu ake juya ta, kuma dole juyin ya tafi bai-ɗaya, in ba haka ba mutane su riƙa zabura a majigi. Har hoto mai launi ya ɗauka ta hanyar Paget, wadda ba ta daɗe da shigowa kasuwa ba. Ana ɗora wani gilashi mai ɗigo-ɗigon ja da kore da shuɗi a gaban farantin, haske ya ratsa ta cikinsa, bayan wanki a haɗa da irinsa a duba a gaban fitila, launi ya fito. Tana cin haske sosai, sai abin da ke tsaye cik ake ɗauka da ita.

Sanyi kuma yana da hukuncinsa a kan kowanne. Man da ke cikin ƙarafan kyamara yana yin kauri har murfin ido ya yi nauyin buɗewa. Fim yana ƙandarewa ya riƙa karyewa. Ƙarfe yana manne wa fatar hannu. Wadda ta fi su sharri ita ce raɓa: ka shigo da kyamara mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi, nan take ta yi gumi ciki da waje, ka sake fita da ita gumin ya zama ƙanƙara. Wannan matsala ba ta tsufa ba. Mai kyamarar dijital a yau ma sai ya sa ta a leda ya ɗaure kafin ya shiga ɗaki, ya bar ta ta ɗumama a hankali, batirin kuwa ya ɓoye shi a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi na shanye masa ƙarfi.

Duk da haka Hurley bai tara aikinsa ya ce sai an koma gida ba. A cikin jirgin yake wanki, a wani ɗan ɗakin duhu, da ruwan da sai an narkar da ƙanƙara ake samu. Ya rubuta a kundinsa cewa dole a riƙa ɗumama kwanon ɗauraya, in ba haka ba gilasan su daskare a tsakiyar dunƙulen ƙanƙara, ga sinadari yana shiga tsagar yatsun da sanyi ya farfasa. Ya wanke, ya shanya, ya buga wasu a takarda ya liƙa a kundi, sannan ya jera gilasan a gwangwanaye ya liƙe bakinsu da dalma yadda ko iska ba ta shiga. Duk wannan tun jirgi na tsaye ya yi shi.

Wata taran da jirgin ya yi a maƙale sun ba shi abin da matafiyi ba ya samu, wato lokaci. Abu ɗaya yake kallo kullum, har ya san shi a kowane irin haske. Hotonsa da ya fi shahara a wani dare na Agustan 1915 ya ɗauke shi. Ya kafa kyamara, ya buɗe idonta ya bar shi a buɗe, ya zagaya jirgin cikin duhu yana kunna hodar magnesium wuri-wuri har kusan sau 20, kowace walƙiya tana haska ɓangare ɗaya, duk suna taruwa a kan gilashi guda. Walƙiyar ta kashe masa ido har ya riƙa tuntuɓe da tudun ƙanƙara yana zubewa cikin dusa. Abin da ya fito jirgi ne fari fat, kowace igiya ta yi kauri da ƙanƙara, bayansa baƙi ƙirin.

Zaɓen ranar 9 ga Nuwamba

A ƙarshen Oktoba ƙanƙara ta matse jirgin, katako ya fara tsagewa, ruwa ya fi ƙarfin famfo. Ranar 27 ga wata Shackleton ya ce kowa ya sauka. Hurley ya kafa Prestwich a kan ƙanƙara yana dakon turakun jirgin su karye, da suka zo faɗuwa kuwa yana juyi, kuma 'yan daƙiƙun nan suna cikin fim har yau. Aka yanke cewa za a ja ƙananan jirage a kan ƙanƙara a nufi tudu, kayan kowa na kansa kada su wuce laba biyu, abin da bai kai kilo ɗaya ba. Shackleton da kansa ya zubar da tsabar zinariyarsa a kan dusa kowa na gani. Gwangwanayen gilasai aka bar su a cikin jirgin, a ɗakin sanyi inda Hurley ya adana su.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. Cikin 'yan kwanaki aka ga jan jirage a wannan tudu da kwari ba zai yiwu ba, aka kafa sansani kusa da ɓaraguzan jirgin, ana komawa ana kwaso abinci da katako. Ranar 2 ga Nuwamba Hurley ya bi su. Ɗakin sanyin ya riga ya nutse. Sai da ya sare bangonsa, ya tuɓe riga, ya shiga ruwa mai kauri da ƙanƙara wanda zurfinsa ya haura mita ɗaya, yana lalube har ya taɓo gwangwanayen ya tsamo su. Ruwa bai shiga ba. Jarumtar shiga ruwan ita aka fi ba da labari, amma da bakin gwangwanin bai sha dalma ba, da gilashin da sinadarinsa ya jiƙe ya saɓule zai tsamo.

Sai magana ta koma kan nauyi. Gilasan sun haura 500, kuma kowane kilo na gilashi kilo ne na abincin da za a bari. Shugaban da ya hana kowa kaya ya yarda a ɗauki wasu, don ya san da su za a biya bashi in an rayu. Ranar 9 ga Nuwamba Shackleton da Hurley suka zauna a kan ƙanƙara, ana ɗaga gilashi ɗaya-ɗaya a duba a hasken sama. Wanda aka zaɓa a ajiye gefe, wanda aka ƙi a fasa shi nan take, don kada zuciya ta raya wa Hurley ya koma ya tsinto. Kundinsa ya nuna 120 aka ɗauka, kimanin 400 aka zubar. Aka haɗa da fim ɗin da ya riga ya ɗauka da kundin hotunan takarda, aka sake liƙe gwangwanaye. Cikin abin da ya tsira akwai kusan 20 masu launi. Manyan kyamarori kuwa duk an bar su. Ranar 21 ga Nuwamba jirgin ya ƙarasa nutsewa, ba a sake ganinsa ba sai a watan Maris na 2022, da aka gano shi a zurfin mita 3,008.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba a wannan zama. Zaɓen ya yiwu ne saboda an riga an wanke gilasan. Farantin da ba a wanke ba, ba a buɗe shi a haske, balle a san mai kyau da maras kyau. Da Hurley ya tara aikinsa ɗanye, da sai dai a ɗebi gwangwani biyu a kan sa'a a bar sauran. Wahalar ɗakin duhu ita ta ba shi damar cewa wannan ya fi wancan. Mai hoto ko bidiyo da ke dawowa masauki a gajiye ya ce gobe zai kwashe katin memori, ya dubi wannan da kyau. Kyamara mai ramin kati biyu tana kare mutum daga lalacewar kati, amma ba ta kare shi daga ɓarawo ko ruwa, tunda katunan tare za su tafi. Sai an raba, kwafi ɗaya a jiki, ɗaya a wata jakar ko a hannun abokin tafiya, zaɓaɓɓu kuma a tura su ta intanet duk daren da aka samu layi. Zaɓaɓɓun kuwa ba sa samuwa sai an zauna an duba aikin tun ana hanya.

To fasa gilasan fa, daidai ne? Ina ganin daidai ne, duk da zafinsa. Mutum 28 ne a kan ƙanƙarar da ke yawo a teku, ba su da na'urar aika saƙo, ba wanda ya san inda suke. Wanda ya shiga ruwan ƙanƙara ba riga saboda gilashi zai iya sake komawa saboda 400 da aka bari, ya jefa kansa da masu nemansa cikin haɗari. Amma asarar ba ƙarama ba ce, kuma ta wuce adadi. Masu zaɓen biyu, ɗaya tsohon mai sayar da katin hoto ne, ɗaya mai bashi a wuya, don haka abin da zai burge 'yan kallo a zauren lacca shi idonsu zai fi kamawa. Duk wanda ya taɓa tace aikinsa ya san hoton da yake gani ba komai ba a yau, na wani yana ɗinke safa ko yana wanke kwano, sau da yawa shi ke zama mai daraja bayan shekaru.

Naɗi uku

Daga nan har ceto, fiye da wata tara, kayan aikin Hurley Kodak ta aljihu ce da naɗin fim uku. Hotuna 38 ya ɗauka a duk wannan zango, kusan ɗaya a mako ke nan. A zangon ne kuwa ainihin labarin ya faru. Watanni aka yi a kan ƙanƙara ana cin naman fengwin da na dabbobin teku, ana dafawa a murhun da Hurley ɗin ya ƙera da tarkacen ƙarfen jirgi, mai cin kitse a madadin gawayi. Ranar 9 ga Afrilu, 1916, ƙanƙarar ta tsage a ƙarƙashinsu suka faɗa jirage uku, suka yi kusan mako a teku, ƙishi da sanyi na neman zautar da wasu, kafin su taka Tsibirin Elephant ranar 15 ga wata. Ranar 24 Shackleton da mutum biyar suka tashi a James Caird, jirgin da tsawonsa bai cika mita bakwai ba, suka nufi South Georgia, tafiyar kimanin kilomita 1,300. Mutum 22 suka rage, har da Hurley, suka kifa jirage biyu a kan bangon duwatsu suka zauna a ƙarƙashi, sai ranar 30 ga Agusta jirgin Yelcho na ƙasar Chile, wanda Luis Pardo ke ja, ya iso.

In ka jera hotunan wannan lokaci kusa da na gilashi, bambancin a fili yake. Sun yi dishi-dishi, wasu da tabo. Amma a cikinsu ake ganin mutane sun sauka tsibiri suna shan abin zafi na farko, ana tura James Caird cikin ruwa, ga bukkar jirage biyu dusa ta lulluɓe ta. Da babu gara ba daɗi. Kowace dannawa kuma sai da ya auna ta. Mutumin da ya kunna walƙiya 20 saboda hoto ɗaya, yanzu yana kallon abu ya wuce ya ƙi ɗauka, don bai san ko gobe akwai wanda ya fi shi ba. Har ranar ceto yana da 'yan ragowar da ya ɓoye mata. Da suka isa birnin Punta Arenas na Chile ya samu ɗakin duhu, ya rubuta cewa 'yan gilasan ƙarshe da ya ɗauka na ɓaraguzan jirgin, waɗanda suka yi kusan shekara ba wanki, sun fito sarai, fim ɗin Kodak kuwa ya ji jiki saboda daɗewa amma zai bugu.

A nan nake ganin tanadin ya gaza. An shirya wa manyan kyamarori komai, ƙaramar kuwa da naɗi uku kacal ta tashi, alhali gilashi biyu ko uku sun isa su biya nauyin naɗi da yawa. Yankin ya riga ya nuna wa mutane wannan. A ayarin Robert Falcon Scott, mai ɗaukar hotonsu Herbert Ponting da manyan kyamarorinsa a sansani suka tsaya. Hoton mutum biyar a ƙarshen kudancin duniya a Janairun 1912, Henry Bowers ne ya ɗauka da wadda suka iya ja har can, ya ja zare don shi ma ya fito, kuma a tantin da uku daga cikinsu suka rasu aka tsinci fim ɗin a watan Nuwamba. A yau abin da ke raba mai hoto da babbar kyamararsa ba sai ƙanƙara ba. Jami'in kwastan na iya riƙe manyan kaya in babu takardar shigar da su na wucin gadi, irin ATA Carnet. Batirin lithium na ajiya a jakar hannu kawai yake tafiya, wanda ƙarfinsa ya wuce awon Wh 100 sai da yardar kamfanin jirgi, wanda ya haura 160 kuwa fasinja ba ya hawa da shi sam, kuma manyan kyamarorin bidiyo su dokar ta fi kamawa. Saboda haka ta biyun, ko da wayar hannu ce, ta cancanci nata katin da nata batirin, da hannun da ya saba da ita tun kafin ranar ta zo.

Cike gurbi

Da Hurley ya isa Landan a ƙarshen 1916, matsalar ta fito fili. Fim mai motsi ya tsaya a inda jirgi ya karye. Babu tafiyar jirage uku, babu zaman tsibiri, babu tsallaken James Caird. Masu kuɗin fim kuma suna son abin da zai cika zaure. Sai ya koma South Georgia a farkon 1917 ya ɗauko fengwin da sauran dabbobi da duwatsun tsibirin, aka cike gurbi da su da zane-zanen George Marston, mai zanen ayarin. Fim ɗin ya fito a 1919, Shackleton yana nuna shi yana lacca a Landan don rage bashi. Wannan ciko ba ni da ja a kansa. Wurin na gaske ne, zane kuma kowa ya san zane ne.

Inda nake ja shi ne abin da ya yi wa hotunan tsaye. Tun zamanin katin hoto Hurley ya ƙware wajen haɗa negatif (asalin gilashi ko fim da ake buga hoto daga gare shi) biyu ko uku su zama hoto ɗaya, ya ɗauko gajimare mai ratsin rana daga nan ya ɗora a saman can. Ya yi wa wasu hotunan tafiyar haka. Wanda ya fi nauyi shi ne hoton da aka buga da sunan ceto, inda mutane ke tsaye a bakin ruwa suna ɗaga wa wani ƙaramin jirgi hannu. Shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin ranar 30 ga Agusta, alhali ranar 24 ga Afrilu aka ɗauke shi, ranar rabuwa. Jirage biyu ne a asalinsa, James Caird da Stancomb Wills mai kai masa kaya. Hurley ya kankare James Caird daga jikin fim ɗin, ɗayan ya rage shi kaɗai kamar mai zuwa ɗaukar mutane. Hannun ban kwana ya koma na murna.

Ana iya kawo masa uzuri. Zamaninsa bai bambance hoton labari da hoton ado yadda ake bambancewa yanzu ba, shi kuma mai ba da labari yake ɗaukar kansa, wanda kayan aiki suka gaza masa a lokacin da ya fi bukatarsu. Amma ko a zamanin an samu wanda ya ƙi. A 1917, da Hurley ya zama mai ɗaukar hoton rundunar Ostireliya a fagen daga na Beljiyam, ya so ya riƙa haɗa hotuna don ya nuna yadda yaƙin yake a ido. Charles Bean, wakilin yaƙi na hukuma wanda daga baya ya rubuta tarihin rundunar, ya tsaya kai da fata cewa wannan jabu ne. Ra'ayina ya zo ɗaya da na Bean, kuma a lamarin tsibirin abin ya fi yi mini ciwo. Mutanen da ke ɗaga wa 'yan'uwansu shida hannu, ba su san ko za a sake ganin juna ba, suna da haƙƙin a nuna su a halin da suke. Ga shi kuma a kan asalin ya yi kankarar, ɗaya daga cikin hotuna 38 da ba su da na biyu. Mutumin da ya shiga ruwan ƙanƙara don ya ceci negatif, shi ya ɓata wannan da hannunsa bayan an tsira.

Yawancin gilasan suna hannun Royal Geographical Society a Landan, wasu kayan kuma a Scott Polar Research Institute da ke Cambridge da ɗakin karatun jihar New South Wales a Sydney. A 2015 ƙungiyar ta Landan ta nuna sabon bugu da aka yi daga sikan ɗin gilasan kai tsaye, aka ga ƙananan abubuwa da bugun dā bai fitar ba. Hakan ya yiwu ne don asalin yana nan yadda ya fito daga wanki, kuma da duba asali aka gane abin da aka yi wa hoton ceto. Abin da ke madadin gilashi a yau shi ne fayil ɗin RAW, ɗanyen abin da kyamara ta rubuta kafin a taɓa shi. A kan kwafi ake gyaran haske da launi, asalin a ajiye shi wuri biyu. Gasar World Press Photo tana karɓar wannan ɗanyen fayil daga masu hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, ta gwada shi da wanda aka aiko mata. A gasar 2015, kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai wannan mataki an fitar da su saboda an ƙara, an cire, ko an dulmiyar da wani abu a cikinsu.